Amsoshin Tambayoyinku: Konseye Ya Karɓi Kuɗinmu, Ina Za Mu Kai Kuka?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani matashi, tela a birnin Damagaram, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce a taƙaice. 'Yan watanni kafin a rusa majalisun ƙananan hukumomi, wani konseye da ke zaune a unguwarsu ya tara su, ya ce ana shirin yanka filaye a bayan gari, duk mai so ya kawo jika hamsin a sa sunansa a jeri. Suka haɗa suka ba shi. Har yau ba fili, ba kuɗi, ba takarda. In sun tuntuɓe shi sai ya ce ai sojoji sun sauke su, hannunsa ba ya kai wa ko'ina yanzu. Shi ne yake tambaya: "Baba, shin dama akwai inda ake kai ƙarar konseye? Wa ke da ikon hukunta shi, magajin gari ne, ko gwamna, ko Mai Martaba Sarki? Kuma tun da majalisar ma babu ita, shi ke nan maganarmu ta bi ruwa?"

Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya, Allah Ya yi maka albarka. Maganarku ba ta bi ruwa ba, kuma akwai inda ake kai ta. Sai dai ƙofofin suna da yawa, kowace da irin laifin da take karɓa, kuma wanda ya ƙwanƙwasa wadda ba tasa ba yakan dawo gida yana cewa hukuma ba ta jin talaka, alhali wurin ne ya ɓata. Ka ba ni hankalinka mu bi abin a sannu.

Mu fara da shi kansa konseyen, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kansila. Ɗan majalisar ƙaramar hukuma ne, wato komin, kuma kujerarsa sabuwa ce a ƙasar nan. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairun 1999, zamanin Janar Ibrahim Baré Maïnassara, aka soke sakamakon wurare da dama, gardama ta yi zafi, ba a kai ga warware ta ba aka kashe shugaban a watan Afrilu. Sai ranar 24 ga Yulin 2004, zamanin Tandja Mamadou, aka yi zaɓen da ya kafa majalisu a komin 265 a faɗin ƙasa. Aka sake a Janairun 2011, sannan ranar 13 ga Disamban 2020, bayan an yi ta ɗage shi tun daga 2016. Zaɓe uku ke nan kacal. Sarautar Damagaram ta doshi shekara 300, kowa ya san abin da mai unguwa ke iya yi da abin da ya fi ƙarfinsa, to amma konseye ba a zauna da shi ba har a san iyakarsa. Don haka ba ku kaɗai ne abin ya shige wa duhu ba.

Dokar da ta tsara aikinsu ita ce mai lamba 2010-54, ta ranar 17 ga Satumban 2010, lokacin riƙon ƙwaryar Salou Djibo. A wannan rana kuma aka yi wata dokar da ta ba Zinder, wato Damagaram, tare da Yamai da Maraɗi da Tawa, matsayin birni na musamman, aka raba namu gida 5 da ake kira arondisma, kowane da ƙaramin magajin garinsa. Ka riƙe wannan: arondisma ba ta da baitulmali mai zaman kansa. A doka, kasafin kuɗi da maganar filaye suna hannun babbar majalisar birni ne da shugabanta.

Akwai kuma wani bambanci da ke rikita masu yawan shiga Daura da Kano. Can kowace mazaɓa tana zaɓen kansilanta, mutum guda da sunansa. Mu a nan jerin sunayen jam'iyya muka jefa wa ƙuri'a, aka raba kujeru gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu, kuma kowane konseye yana da madadinsa da zai hau kujerar in ta zama babu kowa. Saboda haka "konseyen unguwarmu" magana ce ta baki kawai. A doka ba wakilin unguwa ɗaya ba ne, kuma ba a tanadi wata hanya da 'yan unguwa za su tara sa hannu su yi masa kiranye ba.

To mene ne aikinsa? Zama ne da shawara da jefa ƙuri'a. A doka majalisa tana zaman ƙa'ida sau 4 a shekara, ta amince da kasafin kuɗi da tsarin raya komin, ta zaɓi magajin gari daga cikinta, ta sa masa ido. Konseye ba ya cin albashi, kuɗin zama kawai ake ba shi, wanda bai taka kara ya karya ba. Ba ya sa hannu a madadin komin, ba ya riƙe ko dala ɗaya ta komin. Magajin gari shi ne mai ba da umarnin a karɓa ko a kashe, amma shi ma ba ya taɓa kuɗin da hannunsa, akwai ma'aji na musamman, wanda ake kira resebar, shi ke karɓa ya ba da resi. An raba ayyukan nan biyu ne da gangan, don kada mai umarni ya zama shi ne mai makulli. Fili kuwa, kafin a yanka shi sai ma'aikatar tsara birane ta amince da taswirar, a biya kuɗi a teburin ma'aji, sannan magajin gari ya sa hannu a takardar mallaka. Babu inda sunan konseye ya fito a wannan hanya.

Kai tela ne, za ka fi kowa ganewa. In yaron shagonka ya tsaya a bakin kasuwar Dole ya karɓi kuɗin ɗinkin babbar riga, bai rubuta a littafi ba, bai kawo maka ba, mai rigar zai iya zuwa ya yi maka ƙorafi, amma ainihin wanda ya cuce shi yaron ne, da sunan shagonka ya fake. Ranar da konseyen nan ya miƙa hannu ya karɓi jikunanku, ya riga ya fita daga aikinsa. Ba ina ɗora muku laifi ba ne. Mutumin da kuka gani yana shiga meri, wato ofishin magajin gari, yana fita, yana gaisawa da manya, ba abin mamaki ba ne ku yarda da shi.

Wannan shi ne ya sa naku al'amarin ya fi sauƙi fiye da yadda kake zato. Abin da ka bayyana, in ya tabbata, zamba ce, kuma zamba laifi ne a kundin hukunta laifuffuka ko wane ne ya aikata ta. Ƙofarta ita ce komisariyar 'yan sanda, ko jandarma in a karkara ne, ko kuma ku rubuta kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Zinder. Konseye ba shi da rigar kariya irin ta ɗan majalisar dokoki ta ƙasa, wanda sai an tuɓe masa ita kafin a gurfanar da shi. Ko yana kan kujera ana iya kiransa, balle yanzu. Cewar da yake yi an sauke su ba ta wanke shi ba, domin ba kujerar ce ta karɓi kuɗin ba. Kuma kuna da damar shiga shari'ar a matsayin waɗanda aka cuta, ku nemi alƙali ya sa a biya ku, ba hukunci kaɗai ba.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Laifi yana da wa'adi. A dokar da aka daɗe ana aiki da ita, matsakaicin laifi irin zamba shekara 3 ne, in ta wuce ba a ɗauki wani mataki na shari'a ba, ƙofar hukunci tana iya rufewa. Masu irin wannan hali sun san haka, shi ya sa "gobe" da "ku ƙara haƙuri" ba sa ƙarewa a bakinsu. Ɗayan kuma ya fi nauyi, kuma gara ka ji shi daga gare ni. Ku zauna ku tambayi kanku: kuɗin nan na mene ne muka bayar? In kun ɗauka kafin alƙalami ne na farashin fili, to ku aka cuta. In kuwa a ranku kun san toshiya ce don a tsallake da ku gaban waɗansu, doka tana kallon mai bayarwa kamar yadda take kallon mai karɓa. Kada wannan ya sa ku fasa, amma ya sa ku fara neman shawarar masani. Tun 2011 gwamnati ta kafa hukumar ba da agajin shari'a, wadda ake kira ANAJJ, mai ofisoshi a manyan kotuna, aikinta ta wayar wa mutum kai kyauta, ta kuma taimaki marar hali. Ku je ku faɗa musu gaskiyar yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Yanzu bari in faɗaɗa, tun da ka tambayi yadda ake ladabtar da konseye gaba ɗaya, kuma wata rana za a sake zaɓe. Akwai laifuffukan da ba na kotu ba ne, na kujera ne. Konseyen da ya daina zuwa zama sau da yawa a jere ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, ana neman ya yi bayani, in bai gamsar ba a ɗauka ya ajiye kujerar, madadinsa ya hau. Wanda ke da moriya a cikin wata magana, misali za a ba kamfaninsa kwangilar gina ajujuwa, bai kamata ya sa baki a shawarar ba, kuma shawarar da aka yanke da hannunsa a ciki ana iya ƙalubalantar ta. Wanda kotu ta ɗaure da laifin da ke hana mutum tsayawa takara, kujerar ta kuɓuce masa. Majalisa kuma tana da ƙa'idojin cikin gida na kiyaye ladabi a zauren zama.

Iyakarta ke nan fa. In ka auna da abin da mutane ke kuka da shi a zahiri, za ka ga giɓi. Me ake cewa a majalisun shayi da bakin masallaci? Konseye ya cika jerin masu karɓar hatsi mai rahusa da danginsa. Ya sa an kai rijiya ƙauyen da suka zaɓi jam'iyyarsa, an tsallake wanda ya fi ƙishirwa. Ya ci mutuncin wata tsohuwa a gaban jama'a. Irin waɗannan ba su kai a tayar da jandarma ba, ba kuma ƙananan abubuwa ba ne ga wanda aka yi wa. Dokar 2010 ba ta ajiye wani teburi na musamman da za a kai su ba. A Ingila, tun dokarsu ta 2011, dole kowace ƙaramar hukuma ta rubuta ƙa'idojin ɗa'a na kansiloli, ta tanadi hanyar karɓar ƙorafi, ta kuma nemi ra'ayin wani mutum daga waje wanda ba ɗan majalisa ba kafin ta yanke hukunci. Su ma ba su tsira daga kuka ba, domin dokar ba ta ba su ikon dakatar da kansila ba, sai tsawatarwa da cire shi daga kwamiti. A Kano kuma tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha, inda talaka ke iya kai kukan ma'aikaci ko ɗan siyasa. A ganina abin da muka rasa ba wata babbar hukuma ba ce. Littafi ne a ƙofar kowace meri, mai lamba a kowane shafi, da mutum guda da aka ɗora wa amsa cikin kwanaki sanannu.

Inda dokarmu ta zuba ido sosai shi ne kan magajin gari da mataimakansa, kuma da dalili, tun da a hannunsu alƙalami yake. 'Yan majalisa da kansu suna iya tsige shi ta ƙuri'ar yanke ƙauna, amma sai da rinjaye mai yawa, ba na kai ɗaya ko biyu ba. Daga sama kuma akwai masu sa ido a madadin gwamnati: perefe ga komin da ke cikin gundumarsa, irin su Mirya da Magarya da Tanut da Gure, gwamna kuma ga birni da majalisar jiha. Ba su ne ke mulkin komin ba, aikinsu su duba ko abin da aka yanke ya dace da doka. In ƙorafi ya yi ƙarfi, ma'aikatar cikin gida tana da sufetocinta da take turowa su binciki littattafai. Minista yana iya dakatar da magajin gari na ɗan lokaci, amma sauke shi ɗungurungum sai majalisar ministoci. Dokar ta jera manyan laifuffukan da ke jawo haka: wawure dukiyar komin, cin hanci, ba da rance daga baitulmali ba bisa ƙa'ida ba, takardun jabu, ƙin kiran zaman majalisa, da cinikin filayen jama'a ta bayan fage. Ta kuma ce kafin a yanke, a ba shi dama ya kare kansa a rubuce. In majalisar ce baki ɗaya ta kasa aiki, ana rusa ta a naɗa kwamitin riƙo.

An yi amfani da wannan iko, ba sau ɗaya ba. A Yamai majalisar ministoci ta sauke Oumarou Dogari a watan Satumban 2013. Gwamnati ta ce laifin tafiyar da mulkin birni ne, magoya bayansa suka ce ina, ai jam'iyyarsa ta Lumana ce ta fice daga ƙawancen masu mulki wata guda kafin nan. Wanda ya gaje shi, Assane Seydou, shi ma aka sauke shi a Yulin 2017, ba da jimawa ba aka rusa majalisar birnin, aka naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. Da aka sake zaɓe, Dogari ya dawo kujerarsa a 2021. Ba ni ne zan raba gardamar wa ke da gaskiya ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, hukuncin da ke saukowa daga sama yana da sauri, amma ko da na gaskiya ne yakan bar rabin gari suna cewa siyasa ce, domin masu yanke shi 'yan siyasa ne. Hukuncin kotu yana da nawa, amma ana yin sa a fili, da shaidu, da damar ɗaukaka ƙara. In an ba ni zaɓi a kan maganar kuɗi, kotu zan nuna maka.

Sai batun Mai Martaba. Da yawa daga cikin dattawanmu suna ganin duk wani mai muƙami a ƙasar Damagaram yaron fada ne, in ya yi ba daidai ba Sarki zai kira shi ya tuɓe shi. An san inda wannan tunani ya samo tushe. Zamanin Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya ƙera igwa, haka abin yake, Sarki ke naɗawa, shi ke saukewa. Amma tun da Faransawa suka ci garin a 1899 ikon ya koma wani hannu. A 1906 sun sauke Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya musu tawaye, suka kai shi Kodebuwa, gadon bai koma gidan sarauta ba sai 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. A zamaninmu ma gwamnati ta sauke Mai Martaba Aboubacar Sanda Oumarou a 2001, aka naɗa Mamadou Moustapha, sai bayan rasuwarsa a 2011 Aboubacar Sanda ya koma gadonsa. A tsarin yau sarakuna suna cikin masu taimaka wa hukuma ne, dokar 2015 ta fayyace matsayinsu. A majalisar komin an ba su kujera, su ji, su ba da shawara, amma ba sa jefa ƙuri'a, kuma ba su da ikon cire zaɓaɓɓe.

Kada wannan ya sa ka raina ƙofar fada. Doka ta ba sarakuna ikon sulhu a rigingimun al'ada da na mu'amala, irin bashi da gado da iyakar gona. Mutumin da ba ya jin tsoron takardar sammaci sau da yawa yana jin kunyar a kira shi zauren mai unguwa a gaban surukansa da limamin masallacinsu. In abin da kuke so kuɗinku ne kawai, mai yiwuwa nan ne za ku fi saurin samu. Sharaɗi ɗaya: duk abin da aka daidaita a rubuta shi, nawa zai biya, yaushe, a gaban wa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Takardar nan tana da amfani biyu, domin in ya saɓa, ta zama shaidar cewa da bakinsa ya amsa ya karɓa. Sulhun fada dai ba ya shafe laifi a idon kotu, kuma kada a yi ta jan ku da zaman sulhu har wa'adin nan da na faɗa maka ya cika.

Ga masu karatunmu na karkara, in rigimar ta gona ce ko burtali ko makiyaya, kuma konseye ya shiga ciki yana nuna ƙarfi, akwai kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta haifar, daga na ƙauye har na komin da na gunduma. Mirya tana cikin wurare biyu na farko da aka fara gwada su a 1994. Su ke riƙe da bayanin wane fili na wane ne, a can ake fara tantancewa.

To yau ina aka kwana? Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 majalisun sun ci gaba da zama na 'yan watanni. Ranar 4 ga Afrilun 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a dokar da ta rusa su duka, na komin da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomin riƙo, waɗanda mutane ke kira AD, da yawansu sojoji ne da 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati. A watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa, saboda haka tsohuwar dabarar kai ƙarar konseye wurin shugaban jam'iyyarsa ta ƙare. A yanzu babu zaɓaɓɓen konseye ko ɗaya da za a dakatar ko a tsige. Mai ƙorafi a kan kantoma sai ya bi matakalar masu sa masa ido, perefe ko gwamna, har zuwa ministan cikin gida. In maganar ta dukiyar gwamnati ce, a da HALCIA ake kai wa, hukumar yaƙi da cin hanci da aka kafa a 2011, sannan a Satumban 2023 sojoji suka kafa COLDEFF don ƙwato kuɗin jama'a da aka ci. Naku kuɗin ba na gwamnati ba ne, daga aljihunku ya fita ya shiga nasa, don haka ba can za ku fara ba.

Duk da haka ku leƙa meri, domin akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku je kotu. Majalisa ta tafi, amma ofis da littattafai da sakatare da ma'aji suna nan. Ku rubuta wa kantoman birni ku tambaya: a lokaci kaza an yi shirin yanka filaye a wuri kaza? Sunayenmu suna cikin wani jeri? An shigar da kuɗi da sunanmu? Wannan ba roƙon alfarma ba ne, tun Fabrairun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga ofisoshin gwamnati. In aka ce ba a taɓa yin shirin ba, kun sami babbar hujja. In aka ce an yi, kuma ga alamar wani ma'aikaci na ciki ya san da maganar kuɗinku, to lamarin ya wuce mutum ɗaya, sai ku aika wa gwamna kwafin ƙorafin, domin a nan ne sufetoci ke da aiki.

Ita takardar ƙorafin ba ta son ado. Sunayenku, sunansa, ranar da aka ba da kuɗin, wurin, adadin da kowa ya bayar, waɗanda suka gani, da kalmomin da ya faɗa daidai yadda ya faɗe su. Kada ku rubuta "ɓarawo ne", ku rubuta abin da ya yi, alƙali ya ba shi suna. Ka ce ba ku da takarda, amma duba da kyau. Saƙon murya da ya aiko yana cewa ku ƙara haƙuri shaida ne. In wani ya tura nasa ta kamfanin aika kuɗi, resin yana nan. Kada kowa ya goge komai daga wayarsa. Ku shigar da ƙorafin tare, domin mutum goma masu magana ɗaya sun fi wuyar kaucewa, kuma ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku ku adana. Ofisoshinmu da Faransanci suke aiki, ku sami wanda kuka amince da shi ya rubuta, ya karanta muku da Hausa kafin ku sa hannu.

Na san abin da zuciya ke raya wa matashi a irin wannan hali: a ɗauki hotonsa a watsa a WhatsApp da Facebook, gari ya san shi. Ina roƙonka kada ka yi. A watan Yunin 2024 an gyara dokar laifuffukan intanet ta 2019, aka dawo da ɗauri a kan ɓata suna ta waya ko kwamfuta, shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Kana iya wayar gari kai mai gaskiya kana tsare, shi kuma yana gida yana shan shayi, ya zama shi ne mai ƙara. Abin da za ka faɗa a waya, faɗe shi a takarda ka kai inda doka ta ce.

Saboda haka, ɗana, ka tara abokan naka cikin makon nan, ku rubuta abin da kowa ya tuna tun bai dushe ba. Ku fara da mai unguwa, ku ba mutumin wa'adi gajere a rubuce. In ya cika, alhamdu lillahi. In bai cika ba, ku wuce ofishin agajin shari'a, daga nan sai mai shigar da ƙara. Duk yadda ta kaya, ka rubuto mana mu ji.